Wuyan Dinya

A garejin Orval, bayan garin Dodge City,
inda iskar Kansas ba ta san sallama ba,
na tsaya da makullin a-kori-kura a hannu.

Tsohon ya tofar da tsinken sakace,
ya zana mini abu biyu a bayan rasit.
"Ga na bamba," in ji shi, "ƙwallon ƙarfe a gindin mota,
minti goma ka maƙala, ka kama gabanka.
Ga kuma wuyan dinya:
tirela ta miƙo wuya, ta sauke shi cikin bodi,
daidai saman tayoyin baya.
Amma sai na huda maka motar."

Huda.
Motar da na biya da shekara shida
ina yankan nama a ɗakin sanyi
har yatsuna suka daina jin ɗumin shayi.

Na bamba na san shi. Shi nake ja tun bara.
Na ƙara saninsa wata Talata a hanyar Garden City,
maruƙa takwas a baya,
wata babbar mota ta wuce ni da guguwarta,
sai tirela ta fara kaɗa gindi,
hagu, dama, hagu,
kamar ragon da ake ja da igiya
ya gane inda za a kai shi.
Sitiyari ya koma faifai a hannuna.
Ban taka birki ba, Allah ne ya riƙe ƙafata.
Ban gaya wa Tasalla ba.
Ta gani a tuwon da na bari.

Orval bai san Hausa ba, amma zancen nan nasa
uwata ta riga shi a hanyar rijiya:
tulu ba a jan sa, ɗauka ake yi.
Naɗa gammo, aza shi tsakar ka,
nauyi ya bi ƙashin baya ya sauka ƙasa,
sai ka yi tafiya har da waiwaye.

To amma lissafi ba ya jin karin magana.
Dala dubu da ɗoriya, banda sabuwar tirela,
kuma kuɗin nan na san sunansa:
tikitin Kano ne, na ƙaramar salla.
Bodin ma wuyan ƙarfe zai cinye shi.
Ina zan jera buhunan dusa?
Ina Nadabo zai kwanta yana ƙirga taurari
in gwanjon shanu ya kai mu dare?

Na bamba na mai wucewa ne,
ka zare ƙusa, ka sayar da mota garau, ka koma gida.
Wanda ya huda bodi ya kafa turke.

Na zagaya motar sau biyu.
Orval bai matsa mini ba,
yana kurɓar kofin da ya huce tun safe.

Na ce, "Juyi fa? Ƙofar garkena ƙunci gare ta."
Ya ce, "Dinya na juyawa a inda bamba zai naɗe.
Sai dai tana yanke kwana, tana cin sandar shinge."
Ya yi dariya. Shi ma ya karya nasa, guda uku.

Na miƙa makulli.
Da ƙarfen huda ya fara kuka
na fita waje, na juya wa iska baya,
na kira yayana Ɗanlasan.
Na ce, bana ma ba zan zo ba.
Ya yi shiru. Ina jin kukan awaki a bayansa,
da wata murya da ban gane ba,
wataƙila ɗan da aka haifa bayan tafiyata.

Can ya ce, "Shanu nawa take ɗauka?"
Na ce, sha huɗu, in maruƙa ne.
Ya ce, "To, ka riƙa tsayawa kana ba su ruwa."